SARKI HANRI NA BIYAR NA INGILA

A cikin sarakunan da suka mallaki Ingila a zamanin da, da wuya a sami wanda sunansa ya zauna a bakin mutanen ƙasar kamar Hanri na Biyar. Shekara 9 da 'yan watanni kaɗai ya yi bisa gadon sarauta, ya mutu bai cika shekara 36 da haihuwa ba, amma har wa yau ana faɗinsa. Abu biyu suka jawo haka. Na fari yaƙin da ya ci Faransawa a wani fili kusa da ƙauyen Agincourt cikin shekarar 1415. Na biyu kuwa wasan kwaikwayon da Shakespeare ya tsara a kansa cikin shekarar 1599, watau bayan mutuwarsa da shekara 177. Mu da mu ke koyon aikin malanta mu kan gamu da wannan sarki sau biyu, a littafin tarihi da kuma a littafin wasa, Hanri na wasa kuwa ba kullum ya ke daidai da Hanri na tarihi ba. Don haka muka ga ya kyautu mu jera labarinsa tun daga haihuwa har zuwa kabari, mu kuma nuna inda mai wasa ya bi sawun gaskiya da inda ya ratse.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a gidan sarauta na Monmouth, kan iyakar Ingila da Wales, cikin shekarar 1386. A ran nan ba wanda ya zaci sarauta za ta zo kansa. Ubansa, Hanri Bolingbroke, ɗan John na Gaunt ne, shi kuwa John ɗan Sarki Edward na Uku. Wanda ke sarauta a lokacin shi ne Richard na Biyu, su da Bolingbroke 'ya'yan wa da ƙane ne. Uwar yaron, Mary, ta mutu cikin 1394, ta bar shi yana ɗan shekara 7.

Cikin 1398 Sarki Richard ya kori Bolingbroke daga ƙasa, ya riƙe yaron a fadarsa. Ko da ya ke riƙon nan kamar na jingina ne, Richard bai ƙuntata masa ba, ya kyautata masa ƙwarai, har ya tafi da shi yaƙin Ayilan, can ya ba shi girman barde bisa al'adarsu. Da John na Gaunt ya mutu cikin 1399, sai Richard ya danne gadon duka. Bolingbroke ya ji labari a Faransa, ya ƙetaro da 'yan mutane kaɗan da sunan neman gadon ubansa, jama'a ta yi ta binsa har ya rinjayi Sarki, ya tuɓe shi, ya hau gadon da sunan Hanri na Huɗu. Richard ya mutu a tsare cikin watan Fabrairu na 1400. Haka ɗan yaro mai shekara 13 ya wayi gari yana Yariman Wales, mai jiran gadon da ubansa ya ƙwata da ƙarfi, mutumin da ya yi masa alheri kuwa ya mutu a kurkukun uban nasa.

Sarautar da aka samu ta ƙwace ba ta barin mai ita barci. Tun cikin 1400 wani babban mutumin Wales, Owen Glendower, ya yi tawaye, mutanen ƙasarsa suka goya masa baya. Cikin 1403 kuma zuriyar Percy ta arewacin Ingila, waɗanda da su aka naɗa Hanri na Huɗu, suka juya masa baya. Aka gamu a Shrewsbury ran 21 ga watan Yuli, Yarima yana da shekara 16, yana jan sashe guda na rundunar ubansa. Ana tsakiyar faɗa sai kibiya ta same shi a fuska, kusa da hanci. Bai yarda ya bar fage ba sai da aka gama, aka kashe madugun 'yan tawaye, Hanri Percy, wanda a ke wa laƙabi Hotspur. Da aka zare kyauron kibiyar, ƙarfen ya rage a ciki, ya nutse kamar inci 6 cikin ƙashi. Wani likita mai suna John Bradmore shi ya cece shi. Ya yi ta buɗa bakin raunin kaɗan kaɗan da 'yan itatuwa naɗe da ƙyalle mai zuma, sa'an nan ya ƙera wani ɗan awartaki mai murɗi, ya zura shi cikin bututun ƙarfen, ya murɗa har ya kama, ya jawo shi a hankali. Ya wanke ciwon da ruwan inabi, ya yi ta jiyyarsa wajen kwana 20. A cikin wasa Shakespeare ya mai da Hotspur saurayi tsaran Yarima, ya sa Yarima ya kashe shi hannu da hannu. A tarihi kuwa Hotspur ya girmi uban Yariman ma.

Daga nan Yarima ya shekara biyar ko fi yana fama da mutanen Wales cikin duwatsu, har aka karɓe birnin Aberystwyth cikin 1408, aka karɓe Harlech cikin 1409. A makarantar nan ya koyi abin da ya amfane shi daga baya: yadda a ke tsare gari mai ganuwa har yunwa ta buɗe ƙofa, da yadda a ke tanadin guzuri, da kuma cewa mayaƙin da ba a biya shi ba ba ya daɗewa a sansani.

Wanda ya karanta wasannin nan biyu na Hanri na Huɗu ya san wani Yarima daban, shashasha mai kwana a mashaya tare da ɓarayi da wani tsoho mai tumbi, maƙaryaci, mai ban dariya, ana ce da shi Falstaff. Marubutan da suka zo bayan mutuwarsa kaɗan sun ambata cewa halinsa ya sake ran da ya hau gado, nan ne tushen labarin. Amma takardun zamanin suna nuna mana saurayi mai aiki, wanda tun daga 1410 shi ke jan majalisar ubansa domin ciwo ya ci ƙarfin tsohon. Saɓani tsakaninsa da uban gaskiya ne, har aka fid da shi daga majalisa a ƙarshen 1411, sai dai a kan sha'anin mulki ne da na Faransa.

Hawansa gado

Hanri na Huɗu ya mutu ran 20 ga watan Maris 1413, aka naɗa ɗansa a Westminster ran 9 ga watan Afrilu, ana zuba dusar ƙanƙara. Aikinsa na fari shi ne ɗinke ɓarakar da ƙwacen ubansa ya yi. Ya sa aka tono gawar Richard na Biyu aka kawo ta Westminster aka binne da girma irin na sarakuna. Ya saki Edmund Mortimer, wanda aka daɗe ana tsaronsa don tsoron haƙƙinsa ga sarauta. Ya share hanya aka mayar wa ɗan Hotspur da sarautar gidansu. Ya tsananta wa 'yan fashi da manyan da ke ɗaure musu gindi, har lardunan da aka daɗe ba a ga shari'a ba suka gan ta.

Amma tun a nan aka ga ɗaya gefen halinsa. Yana da wani aboki tun yaƙin Wales, Sir John Oldcastle, wanda ya bi wata ƙungiya mai saɓa wa limaman Kirista na zamanin. Aka kama shi, Sarki ya yi ta lallashinsa ya tuba, ya ƙi, ya tsere daga kurkuku, ya ta da tawaye cikin Janairu na 1414. Sarki ya murƙushe tawayen dare ɗaya. Da aka kama Oldcastle cikin 1417 aka rataye shi, aka ƙone. Abin mamaki, sunan wannan mutum Shakespeare ya fara sa wa tsohon nan mai tumbi, kafin ya sake shi ya zama Falstaff.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi, mu da mu ke rubutu da harshenmu a waɗannan shafuffuka. Tun daga shekarar 1066 sarakunan Ingila da manyansu da Faransanci da Latin su ke harkar mulki, Ingilishi kuwa harshen talakawa ne. Hanri na Biyar tun daga 1417 ya riƙa aika wasiƙunsa gida da Ingilishi, ma'aikatansa da 'yan kasuwar Landan suka yi koyi da shi. Harshen da a da a ke rainawa ya sami shiga fada ta hannunsa.

Dalilin yaƙi

Rikicin Ingila da Faransa ya girme shi. Kakan ubansa, Edward na Uku, uwarsa 'yar Sarkin Faransa ce, don haka ya ce shi ya cancanci gadon Faransa. Faransawa suka ce a dokarsu mace ba ta gadon sarauta, ba a kuma gado ta wajenta. Daga nan yaƙin ya tashi cikin 1337, wanda a ke kira Yaƙin Shekara Ɗari. A nan akwai wani ƙulli da ba kowa ke lura da shi ba. In dai ana gadon sarauta ta wajen mace, to, Edmund Mortimer ya fi Hanri haƙƙi, domin shi ya fito ta wajen 'yar Lionel, Lionel kuwa wan John na Gaunt ne. Watau hujjar da Hanri ya riƙe don neman Faransa ita ce hujjar da za ta iya tuɓe shi a Ingila.

Faransa kuwa a lokacin ta zama gida maras mai shi. Sarkinta, Charles na Shida, tun 1392 ciwon hauka ke tasam masa. Manyan hakimai suka rabu biyu suna ƙwacen mulki. Hakimin Burgundi ya sa aka kashe ƙanen Sarki, Hakimin Orleans, a titin Faris cikin 1407, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanri ya aika da manzanni yana neman Normandi da waɗansu manyan larduna, da auren 'yar Sarki, Catherine, da kuɗin zinariya miliyan 2 tare da ita, domin a al'adarsu uban amarya ke biya. Faransawa suka yarda su ba da ƙasa mai yawa a kudu da kuɗin da bai kai rabin haka ba, ya ƙi. Cikin wasa an nuna Yariman Faransa ya aiko masa da ƙwallayen wasa don ba'a, wannan ya fusata shi. Amma ko da ƙwallo ko babu, shirin yaƙi ya riga ya yi nisa, Majalisar Ƙasa ta riga ta yarda da haraji, an ci bashi wurin attajirai, har da kayan sarauta aka jinginar.

Ana saura kwanaki a tashi daga Southampton sai Mortimer da kansa ya zo ya tona wa Sarki cewa manya uku sun ƙulla su kashe shi su naɗa Mortimer ɗin: Hakimin Cambridge, da Lord Scrope amininsa, da Sir Thomas Grey. Aka sare kawunansu duka a farkon watan Agusta.

Harfleur da Agincourt

Ran 11 ga watan Agusta 1415 ya tashi da mayaƙa wajen 12,000, ya sauka bakin kogin Seine, ya kewaye garin Harfleur. Ya zaci abin kwanaki ne, sai ya ci mako 5. Igwa tana rushe ganuwa da rana, mutanen gari suna gyarawa da dare. Garin ya buɗe ƙofa ran 22 ga watan Satumba, amma kafin nan atuni ya shiga sansani saboda mugun ruwa da ƙazanta, ya kashe da yawa, aka mai da waɗansu gida a kwance. Mashawarta suka ce a koma Ingila ta jirgi, tun da sanyi ya matso. Ya ga in ya koma da gari ɗaya tak bayan dukiyar da aka kashe, girmansa ya zube. Sai ya bar 'yan tsaro a Harfleur, ya ce za a taka a ƙasa zuwa Calais, garin da ke hannun Ingila a bakin teku.

Suka tashi ran 8 ga watan Oktoba da guzurin kwana 8. Da suka isa kogin Somme suka tarar Faransawa sun tsare mashigi, sun kakkarya gadoji. Tilas suka bi gaɓa suna nisa da teku, guzuri ya ƙare, ruwa na dukansu, ciwon ciki bai sake su ba. Duk da yunwar nan Sarki ya hana ƙwace. Wani soja ya saci kwanon tsarki a majami'a, aka rataye shi a gaban runduna, Shakespeare kuwa ya ɗauki labarin ya ɗora a kan Bardolph, ɗaya daga tsofaffin abokan mashaya, don ya nuna sarauta ba ta san sabo ba. Sai ran 19 ga wata suka sami ƙetarewa. Ran 24, bayan tafiyar fiye da mil 200, suka hangi rundunar Faransa ta datse musu hanya.

Masana sun ƙiyasta mutanen Ingila tsakanin 6,000 da 9,000, mafi yawansu 'yan baka, talakawa marasa sulke. Na Faransa an ƙiyasta daga 12,000 har zuwa ninkin haka, galibi barade ne da 'ya'yan sarauta cikin sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa. Sarkinsu ba ya nan, Yarimansu ma ba ya nan, manya da yawa ko wanne yana son a ce shi ne a gaba. Filin kuwa gona ce da aka yi wa huɗa, ruwan dare ya jiƙe ta, daji dama daji hagu, tana tsukewa.

Gari ya waye ran Jumma'a 25 ga watan Oktoba, ranar da Kirista ke tunawa da wani waliyyinsu Crispin. Aka tsaya ana kallon juna wajen sa'a 3. Faransawa ba su gaggawa, sun san yunwa na yi musu aiki. Da Hanri ya ga haka sai ya sa aka matsa gaba har inda kibiya za ta kai. Ko wane ɗan baka ya kafa turken da aka umurce shi ya sassaƙa tun a hanya, mai tsini, ya karkata shi wajen abokan gaba, sa'an nan suka saki kibau. Bakan nan nasu dogo ne, ya kai tsawon mutum, tun suna yara su ke koyon jansa. Mahayan Faransa suka yi sukuwa don su tattake su, dawaki suka tarar da turaku da ruwan kibau, suka juya a firgice, suka afka cikin nasu mutanen da ke tafe a ƙasa. Waɗannan kuwa suna tafe cikin taɓo da nauyin ƙarfe, kai a sunkuye don tsoron kibiya ta shiga ramin kwalkwali, na baya na tura na gaba, har wuri ya ƙuntata mutum ba ya iya ɗaga takobi. Wanda ya faɗi ba ya tashi. Da kibau suka ƙare, 'yan baka suka yar da bakunansu, suka shiga da gatura da guduma da wuƙaƙe, ga su da sauƙin jiki. Sarki da kansa yana tsakiya. Ƙanensa Humphrey ya faɗi da rauni, ya tsaya a kansa yana kare shi, har aka sare wani yanki na kambin da ke bisa kwalkwalinsa.

Sai abin da ya ɓata ranar. An kama fursunoni da yawa, ana ajiye da su don fansa. Sarki ya ga sahun baya na Faransawa yana haɗuwa kamar zai kawo hari, labari kuma ya zo an faɗa wa kayan sansani ta baya. Ya ji tsoron fursunoni su tsinci makaman da ke zube su tasam masa. Ya ba da umurni a kashe su, sai manya ƙwarai. Baradensa suka yi nauyin jiki, domin ko wane fursuna dukiya ne a hannun wanda ya kama shi, sai ya sa 'yan baka 200 suka yi aikin. Mutanen da suka miƙa wuya bisa amana aka yanka su ba makami a hannunsu.

Faransawa wajen 6,000 suka mutu, har da babban sarkin yaƙinsu d'Albret da manyan hakimai 3. Hakimin Orleans ya shekara 25 a tsare a Ingila. Na Ingila 'yan ɗaruruwa ne, babba a cikinsu Hakimin York. Shakespeare ya kai matattun Faransa 10,000, ya rage na Ingila suka zama 29. Ran 23 ga watan Nuwamba Hanri ya shiga Landan, gari ya fito tarye, shi kuwa yana tafe shiru da 'yan rakiya kaɗan, domin ya ce nasarar ta Allah ce.

Normandi da alkawarin Troyes

Agincourt ta ba shi suna, ba ta ba shi ƙasa ba. Cikin Agusta na 1417 ya komo da niyyar ci gari gari. Ya ci Caen cikin Satumba, ya bi sauran har ya kewaye Rouen, babban birnin Normandi, a ƙarshen Yuli na 1418. Ya datse kogi, ya zauna. Kafin Disamba mutanen birni sun cinye dawakinsu, sun koma karnuka da ɓeraye. Masu tsaron gari suka fid da matalauta dubbai, tsofaffi da mata da yara, don abinci ya isa mayaƙa. Hanri ya hana su wucewa ta sansaninsa, ya ce ba shi ya kore su ba. Suka zauna cikin gwalalo tsakanin ganuwa da sansani, cikin sanyin hunturu, suna mutuwa a idon ɓangare biyu. Ran bikin Kirsimeti ya aika musu da abinci na yini ɗaya. Rouen ta buɗe ƙofa ran 19 ga watan Janairu 1419.

Ko wannan bai haɗa kan Faransawa ba. Ran 10 ga watan Satumba 1419 Yariman Faransa da Hakimin Burgundi suka gamu bisa gadar Montereau don sulhu, mutanen Yarima suka kashe Hakimin nan take. Ɗansa Philip, don ɗaukar fansa, ya koma bayan Ingila. Haka aka ƙulla alkawari a Troyes ran 21 ga watan Mayu 1420: Charles na Shida ya ci gaba da sunan sarauta, Hanri ya riƙe mulki a madadinsa, ya auri Catherine, in tsohon ya mutu ya gaje shi, ɗan cikinsa kuwa a fid da shi. Aka ɗaura aure ran 2 ga watan Yuni. Bai yi ko mako guda yana angwanci ba ya koma tsare garuruwa.

Ƙarshensa

Alkawari a takarda ya ke, rabin Faransa na kudu kuwa yana hannun Yariman da aka fitar. Hanri ya kai amaryarsa Ingila a farkon 1421, yana can sai labari ya zo an kashe ƙanensa, Hakimin Clarence, a Baugé. Cikin Yuni ya ƙetare, bai sake ganin Ingila ba. Ya kewaye Meaux tun daga Oktoba har Mayu na 1422. Yana cikin sansanin nan aka haifa masa ɗa a Windsor ran 6 ga watan Disamba 1421, bai kuwa taɓa sa shi a ido ba. Ciwo ya kama shi bayan cin garin, galibi an ce atuni ne, irin wanda ya cinye mutanensa a Harfleur. Ya yi ƙoƙarin hawa doki ya kasa, aka ɗauko shi a kwance zuwa Vincennes kusa da Faris, ya shirya wasiyyarsa, ya mutu ran 31 ga watan Agusta 1422. Tsohon nan mai ciwo da a ke jiran mutuwarsa ya bi shi ran 21 ga watan Oktoba. Saura mako 7 kaɗai da ya sa kambin da ya ƙarar da ransa wajen nema.

Aka binne shi a Westminster, aka bar jariri ɗan wata 9 da sarautar ƙasa biyu. Ƙanensa Hakimin Bedford ya riƙe Faransa iyakar ƙoƙarinsa. Cikin 1429 wata yarinya 'yar ƙauye, Joan ta Arc, ta ta da zuciyar Faransawa, aka kori Ingilishi daga bakin Orleans, aka naɗa Yariman nan da aka fitar ya zama Charles na Bakwai. Cikin 1435 Burgundi ta koma wajen danginta. Normandi ta tafi cikin 1450, kafin ƙarshen 1453 ba abin da ya rage sai Calais. Bayan shekara 2 yaƙin basasa ya tashi a Ingila, madugunsa kuwa Richard na York, ɗan Hakimin Cambridge ɗin nan da aka sare a Southampton. Catherine ta auri wani mutumin Wales, Owen Tudor, jikansu ya ci sarauta cikin 1485, jikarsa kuma ita ce Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda a zamaninta Shakespeare ya tsara wasan.

Sarkin wasa da sarkin tarihi

Shakespeare daga littafin tarihin Holinshed ya ɗebo labarin, ya tsara shi don mutanen Landan waɗanda ke yaƙi da Sifen a lokacin, suna son jin labarin jaruntakar kakanninsu. Don haka ya tsallake daga 1415 zuwa 1420, Rouen da gwalalonta ba su fito ba. Amma kada mu ce ya rufe ido. Ya bar umurnin kashe fursunoni a cikin wasan. Ya kuma ƙago wani wuri wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi: daren yaƙi Sarki ya ɓad da kama, ya zauna cikin sojoji, wani talaka mai suna Williams ya tambaye shi, bai san ko wane ne ba, in dalilin yaƙin ba na gaskiya ba ne, wa zai ɗauki alhakin matattu da gwauraye da marayu ranar hisabi. Sarki ya yi doguwar amsa, mai karatu kuwa shi zai duba ko ta biya. A ƙarshen wasan ma an tuna wa 'yan kallo cewa duk abin da aka ci ya zube a zamanin ɗansa. Masu zuwa daga baya su suka fi yanke wa wasan ƙaya. Da aka mai da shi majigi cikin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an cire kisan fursunoni da rataye Bardolph.

In muka auna mutumin, ba mu iya hana shi abin da ke nasa. Ga himma, ga tsari, ga ƙarfin zuciya, ba ya sa mutum inda shi ba zai tsaya ba, ya kuma tarar da ƙasa a rarrabe ya haɗa ta. Amma haɗin nan da jinin maƙwabta ya yi shi, bisa hujjar da shi kansa ba zai so a auna sarautarsa da ita ba, abin da ya gina kuwa bai kai shekara 35 a tsaye ba. Ran da za mu tsaya gaban yara da littafin nan a hannu, 'yan'uwa, lalle za su so labarin 'yan kaɗan da suka rinjayi masu yawa, ba laifi kuwa su so shi. Namu shi ne mu ba su shi cikakke, da turakun 'yan baka da fursunonin da aka yanka, da Agincourt da Rouen, sa'an nan mu maimaita musu tambayar sojan nan, mu bar su su yi ta juya ta.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan daga labarin Sarki Hanri na Biyar.